Albashin Ma'aikatan Ƙananan Gidajen Talabijin: Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan da wuya a shiga wata babbar kasuwa a bakin iyakar Nijar da Najeriya a rasa akwatin talabijin yana aiki, ko dai a rumfar mai shayi, ko a shagon mai cajin waya, ko kuma a ofishin 'yan kamasho a tashar mota. Tun daga Birnin Konni da Illela, zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, 'yan kasuwa sun saba da fuskokin samari da 'yan matan da ke karanta musu labarai da Hausa kowace yamma, cikin kyakkyawar shiga da sakin fuska. Abin da akasarin masu kallo ba su sani ba shi ne, da dama daga cikin waɗannan bayin Allah kan zauna su karanta labaran ne alhali suna bin gidan da suke yi wa aiki albashin watanni, kuma babu wanda ya gaya musu ranar da za a biya.

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a fito da wannan magana fili, domin matsalar ta wuce ta ma'aikatan su kaɗai. Duk tashar da ba ta biyan ma'aikatanta a kan kari, ko ba daɗe ko ba jima labaranta za su koma hajar sayarwa, kuma babu wanda gurɓataccen labari ya fi cutarwa kamar ɗan kasuwar da ke ɗora dukiyarsa a mota bisa abin da ya ji an faɗa.

Idan aka waiwayi baya, za a ga cewa gidajen talabijin masu zaman kansu ba su daɗe ba a wannan yanki namu. A Najeriya sai a shekarar 1992 aka kafa hukumar NBC mai kula da kafofin watsa labarai, aka kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu tashoshin. A Nijar kuwa, Tele Sahel ta gwamnati ce kaɗai ake kallo har zuwa shekarar 2000 lokacin da talabijin ɗin Tenere ta fara aiki a Yamai, daga baya wasu suka biyo sahu, irin su Dounia a 2007. Babu shakka wannan ci gaba ne, domin ya ba talaka damar ganin abin da ke faruwa a garinsa cikin harshensa, ya kuma ba shi wurin kai kuka. Mun ambaci waɗannan sunaye ne domin tarihi kawai, ba mu nuna yatsa ga wata tasha ba, ganin cewa ciwon da muke magana a kai ya zama ruwan dare a tsakanin ƙananan tashoshi na ƙasashen biyu, har da wasu na gwamnatocin jihohi a tsallaken iyaka.

Mai kallo fuska ɗaya yake gani a akwatinsa, amma bayan wannan fuskar akwai mutane masu yawa. Akwai wakilin da ya yini a rana yana neman labari, da mai ɗaukar hoto da ya saɓa na'ura a kafaɗa, da mai tace hotunan yana haɗa su da murya, da mai fassara daga Faransanci ko Ingilishi zuwa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunan ƙasa, ga direba, ga mai kula da injuna, ga maigadi. A ƙaramar tasha sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin aikin mutum uku: shi zai ɗauko hoton, shi zai tace, shi kuma zai karanta. Yakan fita tun da sassafe ya dawo gida bayan an kammala labaran dare, babu hutun ƙarshen mako, babu na Sallah, domin ranar da jama'a ke hutawa ita ce ranar da aikinsa ya fi yawa.

Duk da wannan ɗawainiya, da yawansu ba su da takardar ɗaukar aiki ko guda. Ana ɗaukar yaro da ya gama makarantar koyon aikin jarida da sunan ɗan koyon aiki na 'yan watanni, sai ga shi ya shekara biyu ko uku yana karanta manyan labarai, amma a littafin tashar har yanzu sunansa ɗan koyo, ba shi da tsayayyen albashi sai abin da maigida ya ga dama. Ba a yi masa rajista a asusun CNSS ba, balle ya sa ran fansho ko taimako idan ya yi hatsari a kan babur wajen neman labari. Mata ma'aikata sun fi shan wuya, domin sukan tashi aiki cikin dare babu motar da za ta mayar da su gida, kuma duk da cewa dokar Nijar ta ba mace mai aiki hutun haihuwa na mako 14, wadda ba ta da takarda takan dawo ta tarar an ba wata kujerarta. Wani abin takaicin ma shi ne, akwai gidajen da kan miƙa wa sabon wakili katin shaida su ce masa ya je ya ci da shi, wato ya nemi abincinsa a hannun waɗanda zai ɗauko labarinsu.

A nan ne matsalar ta shafi kasuwa kai tsaye. Magidancin da ya bar gida babu cefane, mai gidan haya na binsa, mai kanti ya daina ba shi bashi, idan aka miƙa masa ambulan a wurin taro da sunan kuɗin mota ko na goro, da wane ƙarfin zai ce ba ya so? Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga ranar da ya karɓa, labarin ya tashi daga hannun tashar ya koma hannun mai ambulan. Wanda ya biya za a nuna shi yana jawabi na tsawon lokaci, wanda bai biya ba ko da gobara ce ta cinye rumfunansa ba lallai a zo ba. Idan 'yan kasuwa suka koka da yawan shingaye a hanya da kuɗin da ake tatsarsu a kowane shinge, wanda ake kukan da shi ya fi su sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa, sai labarin ya mutu tun bai fita ba. Haka nan mai maganin da ke iƙirarin warkar da kowace cuta, da mai shirin tara kuɗin jama'a da alkawarin ninka riba cikin wata guda, duk za su sami fili su yi ta zuba babu mai yi musu tambaya, tun da kuɗinsu ne zai biya wutar tashar a wannan makon.

Masu karatunmu sun fi kowa sanin darajar sahihin labari, domin sun ɗanɗana. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa ba zato ba tsammani, ba ta buɗe ba sai a Disambar 2020, kuma motoci da yawa sun maƙale da kaya masu lalacewa. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 canjin fasalin takardun Naira ya jefa kasuwannin iyaka cikin ruɗani, inda kowace safiya ake tashi da sabuwar magana kan wace takarda ake karɓa da wadda aka daina karɓa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa ƙasashen waje in ban da Mali da Burkina Faso, sannan a Mayun 2025 ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin Babbar Sallah. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, dillalin da ke shirin kai raguna Maigatari ranar Alhamis, da mai albasar Galmi, da mai ayar Maraɗi, abin da suke bukata shi ne wanda zai je wurin jami'an duwan ko ofishin gwamna ya tambayo, ya dawo ya gaya musu gaskiyar abin da doka ta ce da ranar da za ta fara aiki. Wakilin da ba shi da kuɗin man babur ba zai je ba. Zai zauna a ofis ya kwashi abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook ya karanta, jita-jita ta samu rigar gaskiya, wani ya karyar da kayansa a banza, wani kuma ya yi lodi ya je ya tarar da ƙofa a rufe.

Bugu da ƙari, nauyin da ke kan tashoshin cikin gida ya ƙaru tun daga lokacin da hukumomin Nijar suka dakatar da watsa shirye-shiryen RFI da France 24 a Agustan 2023, suka kuma dakatar da na BBC na wata uku a Disambar 2024. Haka kuma a Yunin 2024 an mayar da hukuncin ɗauri a cikin dokar da ta shafi ɓata suna da yaɗa bayanai ta intanet. Ke nan ana bukatar ɗan jarida ya ƙara taka-tsantsan da bincike kafin ya furta kalma, a daidai lokacin da ake hana shi abin da zai yi binciken da shi. Idan kuskure ya auku shi ne zai amsa kira a gaban hukuma, kuma ma'aikacin da ba shi da takardar aiki bai da tabbacin maigidansa zai ɗaukar masa lauya.

Adalci ne mu saurari ɓangaren masu tashoshin, domin su ma suna da nasu kukan, kuma ba duka ne ƙarya ba. Kasuwar talla a ƙasashenmu ƙarama ce, manyan masu talla ba su wuce kamfanonin waya da bankuna da ƙungiyoyin agaji ba, sai 'yan siyasa idan zaɓe ya matso, alhali tashoshin da ke rububin wannan ɗan abin sun yi yawa. Sauran kuɗin shiga kan zo ne daga sanarwar ɗaurin aure da rasuwa da cigiya da kuɗin ɗaukar taro, waɗanda ba su taka kara sun karya ba. Yanzu kuma mai shago na iya tallata hajarsa da wayarsa a TikTok ba tare da ya biya kowa ba. A ɗaya gefen ga kuɗin wuta da haya da lasisi da haraji da gyaran na'urorin da ake sayowa daga waje. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a Agustan 2023, wadda a wancan lokaci ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita, tashoshi sun koma kan janareta na tsawon watanni. A tsallaken iyaka kuma cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira sun ninka tsadar komai. Ba a manta ba a 2018 hukumar haraji ta rufe wasu gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu a Yamai saboda bashin haraji, kamar yadda a Agustan 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 a Najeriya kan bashin da ya haura Naira biliyan 2 da rabi, kafin daga bisani ta jingine matakin. Sannan akwai ma'aikatun gwamnati da 'yan siyasa, har da wasu 'yan kasuwa, da kan sa a yi musu aiki su ce a kawo takardar biya, daga nan sai a yi ta sintiri.

Mun ji wannan duka, amma a ganinmu ba hujja ba ce. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa ranar da ciniki bai yi ba, ba a cewa ɗan dakon da ya sauke buhu ɗari ya dawo wata mai zuwa, kuma ba a hana yaron shago kuɗin abincinsa don wani ya ci bashi bai biya ba. Riba da asara na mai jari ne, shi ya ɗauki kasadar, shi kuma zai ci moriyar idan kasuwa ta yi kyau. Ma'aikaci ƙarfinsa da lokacinsa ya sayar, ya kuma riga ya miƙa hajar. Mai tashar da ke riƙe albashi domin ya biya wuta, a haƙiƙa rance ya ci daga aljihun talakan da ya fi shi bukata, ba tare da ya nemi yardarsa ba. Abin ya fi ciwo idan ma'aikata na kallon maigida ya sauya mota ko ya buɗe sabon reshe a wani gari, alhali ana ce musu su ƙara haƙuri. Wanda ba zai iya ɗaukar nauyin mutum talatin ba, ya ɗauki goma ya biya su cikakke, ya rage awoyin watsa shiri daidai ƙarfinsa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta Nijar ta watan Satumban 2012 ta wajabta biyan mai albashin wata cikin kwana 8 bayan ƙarewar watan da ya yi wa aiki. Ta Najeriya ita ma ta hana a wuce wata guda tsakanin biya da biya. Ƙasashen biyu sun sa hannu tun farkon samun 'yancin kai a kan yarjejeniya mai lamba 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi kare albashi. Daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga jika 30 da 'yan kai zuwa jika 42 na Sefa, a Najeriya kuma ya koma Naira dubu 70 a Yulin 2024. Mai karɓar jika 42 idan aka riƙe masa wata uku, jika 126 ke nan, kuɗin da wani babban ɗan kasuwa zai kashe a tafiya ɗaya bai ji ba, amma ga wancan shi ne hayar ɗaki da buhun gero da kuɗin makarantar yara. Har ila yau a Nuwambar 2021 an rattaba hannu a Yamai kan yarjejeniyar aiki tsakanin masu kafofin watsa labarai da ma'aikatansu, bayan shekaru ana kai ruwa rana. An yi murna a lokacin, sai dai kyan alkawari cikawa, kuma takardar da ke kwance a aljihun tebur ba ta taɓa sayen ko tiya ɗaya ta hatsi ba.

Don haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa da su tashi tsaye. Ya kamata sufetocin ƙwadago su riƙa ziyartar gidajen talabijin da rediyo kamar yadda suke ziyartar masana'antu, su nemi ganin takardun ɗaukar aiki da na biyan albashi da shaidar zubin CNSS. Ya kamata duk tashar da ke neman sabunta lasisi, ko neman kaso daga asusun tallafa wa 'yan jarida, ko neman tallan gwamnati, ta fara nuna shaidar cewa ma'aikatanta ba sa binta ko sisi. Ita ma gwamnati ta fara da kanta, ta umarci ma'aikatunta su biya bashin aikin da aka yi musu, domin ba daidai ba ne hannun dama ya rufe tasha kan bashin haraji alhali hannun hagu na riƙe da kuɗinta. A Najeriya kuma ya dace ƙungiyoyin NUJ da RATTAWU su mai da hankali kan ƙananan tashoshin jihohin iyaka kamar yadda suke yi wa na Legas da Abuja, su taimaki 'ya'yansu wajen kai ƙara kotun ma'aikata. Su kansu ma'aikatan muna ba su shawara da kada su fara aiki babu takarda, su riƙa adana shaidar duk abin da aka biya su, su kuma haɗa kai, domin wanda ya je ofishin maigida shi kaɗai kora ce ladansa.

Sai dai babban kiranmu ga alhazanmu da hajiyoyinmu na kasuwa ne, domin akwai abin da ke hannunsu wanda ba sai an jira gwamnati ba. Na farko, duk wanda ya sa aka yi masa talla ko sanarwa ya biya a kan lokaci, ya biya a wurin ma'ajin tashar ya karɓi rasit, domin kuɗin da aka cusa wa wani a aljihu a bayan rumfa ba ya isa asusun da ake biyan albashi daga cikinsa. Na biyu, a daina ba da kuɗi don a binne labari ko a shafa wa abokin hamayya baƙin fenti, domin wanda ya sayi bakin wakili yau, gobe wanda ya fi shi kuɗi zai saye shi a kansa. Na uku, kafin a ƙulla cinikin talla da wata tasha, babu laifi a tambayi yaran da suka zo da takardar ko ana biyansu, kamar yadda ake bincikar direba kafin a ba shi amanar kaya. Ranar da masu tashoshi suka fahimci cewa manyan masu talla na gudun gidan da ke cin gumin ma'aikatansa, ranar za su gyara.

Na huɗu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da Konni da Katsina da Sakkwato na iya haɗa kuɗi su ɗauki nauyin shiri na mako-mako a tashoshin yankunansu, wanda zai kawo farashin hatsi da dabbobi a manyan kasuwanni, da canjin Naira da Sefa, da halin da hanyoyi ke ciki, da sabbin umarnin duwan da kwastan. A ƙulla yarjejeniyar ta shekara guda a rubuce, a biya kowane wata, a kuma sa sharaɗin cewa wakilan da ke tattaro bayanan za su sami albashinsu da kuɗin mai a kan kari, in aka saɓa a janye. Abin da kowane ɗan ƙungiya zai zuba bai kai asarar buhun albasa ɗaya da ya ruɓe a bakin iyaka ba, tashar ta sami kuɗin shiga tabbatacce, ɗan kasuwa kuma ya sami labarin da zai iya dogara da shi.

Ga masu tashoshin kuwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna son tashoshinku su ɗore, domin idan suka mutu babu mai ɗauko kukan kasuwar Ɗan Isa ko ta Jibiya daga wata uwa duniya. Amma jarin gidan talabijin na gaskiya shi ne yardar masu kallo, kuma wannan yarda tana hannun waɗannan samari da 'yan mata da kuke tura wa rana da ciki wayam. Ƙwararrun cikinsu tuni suke ta ficewa zuwa ƙungiyoyin agaji da ofisoshin 'yan siyasa, ana barin ku da sabbin shiga da za a sake koya wa aiki daga farko. Ku sa albashi a sahun gaba kafin kowace hidima, ku ba kowa takardarsa, ku yi musu rajista a inda doka ta ce. Muna fatan kafin bikin ranar 'yancin 'yan jarida ta ƙasa da ake yi a Nijar kowace 30 ga Nuwamba, za a sami tashoshin da za su fito su shaida wa jama'a cewa babu ma'aikacin da ke binsu bashi. Allah Ya sa a gyara.